Safiyo da Mangwaron Kan Iyaka

Sunan Safiyo daga wurin aiki ya biyo shi gida, ya manne masa har jikokinsa suka taso ba su san yana da wani ba. A ofishin awon filaye ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana yawo a gonaki da gefen gari, tef ɗin awo a rataye a ƙugu, fensir a bayan kunne, yana kafa duwatsun iyaka tsakanin mutanen da ba sa ga-maciji da juna. Abin taƙamarsa a duniya guda ne, kuma duk wanda ya sha shayi da shi ya ji labarin: bai taɓa matsar da dutse don kowa ba. An roƙe shi, an tsorata shi, wani attajiri ma ya taɓa aiko masa da rago har gida, ya sa aka mayar da ragon da igiyarsa. Matarsa ta daɗe ba ta manta da ragon nan ba.

Aikin ya bar masa ɗan doro da wata irin tafiya ta kallon ƙasa, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Shi da kansa yakan ce da za a tambaye shi kamannin abokan aikinsa, takalmansu kawai zai iya kwatantawa. Akwai kuma karin maganar da ya tsana, wadda ake cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. In ka faɗe ta a gabansa ka ɓata wa kanka yini. Ido a wurinsa maƙaryaci ne, kuma ya rantse rabin rigimar filin da ya gani daga "ai na ga kamar nan ne" ta samo asali.

Da ya yi ritaya, tef ɗin bai yi ba. Ya auna tazarar kujerun falo, ya auna igiyar shanya ya ce ta karkace, ya auna tsawon jikoki a jikin ƙofa har suka koma gudu in sun ji ƙarar tef. Matarsa tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta ga cuta iri-iri a asibiti, ta ce wannan kam ba ta da allura.

"Malam," ta ce masa wata rana, "in na riga ka tafiya, don Allah ka bar masu haƙa su yi aikinsu. Kada ka shiga ramin da tef."

Ya yi dariya har da tari, don ya san zai iya.

Shekarar da suka tare a gidansu ya dasa mangwaro a tsakar gida, kusa da iyakarsa da maƙwabci. A cikin filinsa ya dasa, wannan ba shakka. Sai dai bishiya ba ta karanta taswira. Ta yi ta kauri a hankali, har lokacin da za a ja katanga tsakanin gidajen biyu gindinta ya riga ya hau kan layi. Magini ya kawo bulo har jikin itacen ya tsaya, ya zagaya ya ci gaba daga ɗaya gefen, bishiyar ta zama wani yanki na katangar. Ba wanda ya taɓa tambayar ko ta wane ne. Duk layin sun san mangwaron Safiyo ne, tunda shi bakinsa ba ya gajiya da faɗi. A gindinsa 'ya'yansa suka koyi tafiya, a gindinsa ya zauna ranar da aka sallame shi daga aiki ya rasa abin yi da hannuwansa. Bayan ritaya nan ne ofishinsa, kuma nan kaɗai ya rage inda yake jin shi ne shugaba.

Maƙwabcin nasa tsohon direban babbar mota ne, kowa Direba yake ce masa. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, muryarsa har yanzu tana ƙoƙarin danne ƙarar injin da ya daɗe da rabuwa da shi. Shi kuma Injiniya yake ce wa Safiyo, Safiyo ya gyara masa har ya gaji ya bari. Kullum da hantsi Direba zai zagayo da rediyonsa, matar Safiyo ta kawo shayi, su zauna a inuwar mangwaro su yi ta musu. Direba ya ce gari kaza tafiyar yini ce, Safiyo ya ce yini ba ma'auni ba ne. Haka suka tsufa tare. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da matar Direba, zaman ya ragu amma bai mutu ba. Direba ne ke juya ta, shi ke ba ta abinci a baki, in ta samu barci ya leƙo ya kurɓi shayinsa. Ɗakinta shi ne na baya, wanda yake jingine da katanga.

Akwai wani aiki da Safiyo bai taɓa fashinsa ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka yakan sa a kafa tsani a rage rassan da suka hau rufinsa. Shi yana ƙasa riƙe da igiya mai dutse a baki, irin ta magina, yana daidaita ta da katanga. Abin da ya faɗo gefensa a datse, a bar masa reshe ɗaya kawai a saman kujeru. Abin da ya tsallaka sararin Direba kuwa ko ganye ba ya bari a taɓa.

"Can ba hurumina ba ne," yakan ce, yana jin daɗin kansa. A ganinsa ba a taɓa yin maƙwabci mai kiyaye haƙƙi irinsa ba.

Rannan da la'asar hadarin farkon damina ya taso da iska mai ƙarfi. Suna falo suka ji wata ƙara kamar an karya ƙofa, sai rugugin kwano, sai muryar Direba tana kiran sunan Allah. Matar Safiyo ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta figi mayafi ta fita cikin ruwa. Shi ma ya miƙe, ya kai bakin ƙofa ya leƙa, ya ga babban reshe ya ɓalle daga mangwaron ya kwanta a kan ɗakin baya na gidan Direba. Sai ya juya ya shiga ɗaki ya ɗauko tef.

Ya san abin da yake yi, wannan shi ne abin takaicin. Akwai wani Safiyo a cikinsa mai ɗan sauran hankali, yana ta ce masa, "Kai tsoho, ajiye abin nan, mutum ake dubawa." Amma ya riga ya ji maganar da za ta zagaya layi kafin magariba: mangwaron Safiyo ya fasa ɗakin mara lafiya. Mutumin da tsawon aikinsa ba a taɓa dawo masa da taswira an ce ya yi kuskure ba, yau za a ce laifinsa ne. Kalmar laifin nan ita ce ta hana shi ganin komai.

Ya tarar da gidan Direba cike da maƙwabta. Reshen ya huda kwano ya fasa silin, ya tsaya dab da gadon matar. An ɗauko ta a kan katifa an kawo ta baranda, jiƙe, ƙurar silin a gashinta, hannunta mai lafiya ya damƙe rigar mijinta. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Matar Safiyo na durƙushe tana goge mata fuska. Kowa ya shigo sai sannu, sai Allah ya kiyaye gaba.

Safiyo ya ratsa ta tsakiyarsu kansa a ƙasa. Ya tono dutsen iyaka na kusurwa, wanda shi da hannunsa ya kafa, ya ja zare har ɗaya kusurwar, ya tsuguna a gindin mangwaro cikin yayyafi ya auna nan ya auna can. Sannan ya miƙe ya gyara murya.

"Gindin ya fi yawa a wannan gefen da faɗin yatsa biyu," ya ce. "A ƙa'ida, bishiya ta wanda mafi yawan gindinta yake filinsa ce."

Ƙa'idar nan ko shi bai tabbata a wane littafi ya gan ta ba. Direba ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Na tambaye ka ne, Injiniya?"

"A'a. Don dai a san matsaya."

"Tawa ce ke nan."

"Haka awo ya nuna."

"To, madalla," in ji Direba, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba. "Na gode da kyauta."

Da suka koma gida matarsa ta ajiye masa abinci. Sai da ya kai loma baki sannan ta yi magana.

"Malam, ko sannu."

"Ai na ce."

"Wa ka ce wa? Dutsen iyaka?"

Ya ture kwanon abincin gefe.

Washegari da hantsi ya fito da kujeru biyu kamar kullum, ɗaya ta wuni ba kowa. Ta bayan katanga yana jin kafinta na buga sabon kwano, yana jin ana daddatsa reshen, ba wanda ya leƙo ya ce masa ci kanka. Direba bai aiko da ƙorafi ba, bai nemi komai ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ga shi lokacin nunar mangwaro ne. Yana zaune sai ya ji tim, nunanne ya faɗo gefen ƙafarsa. Ya miƙa hannu, sai ya tuna bishiyar yanzu ta wani ce, da bakinsa ya faɗa a gaban shaidu. Ya tattara su a roba. Ci ya gagara, aikawa da su gidan Direba kuma ya fi gagara, don bai san da wace fuska za a miƙa ba. Robar ta cika ta fara tara ƙuda. Matarsa ta zo ta zaɓi mafi kyau, ta wanke, ta zauna a kujerar Direba tana sha a gabansa har ruwan na bin gwiwar hannunta.

"Ni dai ban auna komai ba," ta ce.

Ita ce kuma ta kawo masa labarin bayan 'yan kwanaki, ta dawo daga duba mara lafiya, tana ninke mayafi kamar maganar ba komai ba ce. Direba ya kira mai yankan itace da inji. Gobe da safe za a kwantar da mangwaron.

Safiyo ya miƙe zumbur. "Ba zai yiwu ba! Da izinin wa? Bishiyar da na dasa da hannuna, na yi mata ban ruwa da bokiti..."

"Bishiyar wa?"

Ya koma ya zauna a hankali. Lallai baki shi ke yanka wuya, nasa kuwa har da tef ya yi yankan don kada a samu kuskure.

Da sassafe ya fito da tef ɗin ya sake tsugunawa a gindin bishiyar ta gefensa. Ya auna dab da ƙasa, yatsa biyun nan suna nan. Ya ɗaga zuwa ƙwauri, suka ragu. Ya ɗaga zuwa gwiwa, sai ga shi gindin ya dawo gefensa da ɗan abin da bai kai yatsa ba. Zuciyarsa ta yi fari, har ya fara shirya jawabin da zai yi. Sai kuma ya ga kansa yadda mai wucewa zai gan shi: tsoho a tsugune da rigar barci, yana hawa da sauka a jikin itace yana neman tsayin da gaskiya za ta koma tasa. Mutumin da ya mayar da rago! Da ragon zai gan shi yau da ya yi dariya. Ya yi wa kansa tsaki, amma duk da haka ya sa tef ɗin a aljihu ya nufi gidan Direba, don hali zanen dutse ne.

Ya yi sallama ya shiga. Mai yankan itace ya riga ya iso, shi da abokin aikinsa, suna warware igiyoyi suna zuba wa inji mai. An gyara rufin ɗakin baya tsaf, sabon kwano sai ƙyalli yake yi. Amma matar Direba ba ta ciki. An zaunar da ita a kujera can kusurwar da ta fi nisa da katanga, dab da ƙofar gida, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo, Direba na zaune a kan tabarma kusa da ita da kofi a hannu. Katifarta na jingine a baranda, alamar nan take kwana.

Wannan karon Safiyo ya fara da inda ya kamata. Ya je gabanta ya rage tsawo.

"Hajiya, sannu. Sannu da jiki. Allah ya ƙara tsarewa."

Ta dube shi. Maganarta ta daɗe da sarƙewa, mijinta kaɗai ke gane ta. Ta motsa baki abin bai fito ba, sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna sama, ta bayan kansa.

Safiyo ya juya ya ɗaga kai.

Ya shiga gidan nan ba adadi, ranar da reshen ya faɗi ma ya daɗe a gindin bishiyar, amma bai taɓa kallonta daga nan ba. Daga gefensa bishiya ce mai tsari, kamar an fito da ita daga shagon aski. Daga nan kuwa wata halitta ce daban. Duk abin da aka hana ta a can ta zo ta zuba shi a nan. Rassa masu kaurin ƙugun mutum sun miƙo sun kwanta a saman ɗakin baya, ɗaya a kan ɗaya, bishiyar gaba ɗaya ta sunkuyo kamar mai ɗauke da buhu a kafaɗa guda. Ga farin tabon inda reshen ya ɓalle, ga 'yan'uwansa da suka fi shi girma suna jiran tasu iskar. A can sama kuma, daidai kan katanga, ga layin da ganye ya tsaya cak, miƙe sambal daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya gane aikin hannunsa. Layi ne mai kyau ƙwarai, da a ofis ne da an yaba masa.

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba. Shekara da shekaru yana tura wa matar nan nauyin bishiyarsa a kan gado, yana kiran abin kiyaye haƙƙi.

"Tun ranar ba ta yarda an mayar da ita ɗakin ba," Direba ya ce, bai dube shi ba. "Iska na kaɗawa sai ta kama rigata. Ba don in ɓata maka rai zan sare ba, Injiniya. Barci nake so ta yi."

Mai yankan itace ya matso yana goge hannu a wando. "Baba, wa ke da itacen a cikinku? Na gan shi a tsakiyar katanga. Ni ba na tayar da inji sai mai shi ya ce, an sha ja mini rigima."

Direba ya buɗe baki, Safiyo ya riga shi.

"Nawa ne. Ni na dasa shi, ni kuma na karkatar da shi."

"Awon fa?" in ji Direba.

"Bar awon nan, maƙwabci. Ka yi haƙuri. Ku yi haƙuri dukanku."

Maganar ta fita da ƙyar kamar ana cire masa haƙori, kuma ya yi mamakin ganin bai mutu ba. Direba ya sunkuyar da kai yana juya kofin hannunsa.

"To Baba, a rage rassa ne, ko a kwantar?" mai injin ya tambaya.

"A rage masa kawai," Direba ya yi saurin cewa. Muryarsa ta dawo da ƙarfinta. "Mutumin nan in ba bishiyar nan, ina zai zauna? Sai ya addabi matarsa."

Ƙofa ce aka buɗe masa, kuma Allah ya sani ransa ya so shiga. Ya dubi mangwaron, ya dubi reshensa guda da ke leƙowa ta saman kujerunsu. Sannan ya sake durƙusawa a gaban matar.

"Hajiya, in an rage rassan, za ki koma ɗakinki?"

Ta ɗaga ido ta dubi bishiyar. Wata 'yar iska ta taso, ganye ya motsa kaɗan, hannunta ya lalubo wuyan rigar mijinta ya damƙe.

Safiyo ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"A kwantar," ya ce. "Ku sauke rassan da igiya a hankali. Gangar jikin kuma ku ja ta ta faɗi gefena."

"Baba, za ta iya taɓa maka baranda."

"Ta taɓa."

Bai koma gida ya ɓuya ba, ko da yake ya so. Ya tsaya a tsakar gidansa har aka gama, garin katako na sauka a kan hularsa. Da gangar jikin ta faɗi ta tafi da kusurwar barandarsa da tukunyar furen matarsa, ƙasa ta girgiza, haske ya cika gidan kamar an yaye rufi. Ya ji abin har cikin ƙirjinsa. Ya ce garin katako ne ya shiga masa ido, matarsa ta ce ta sani, ta miƙo masa gefen mayafinta.

Da la'asar ta dawo daga maƙwabta ta ce masa matar Direba ta koma ɗakinta, tana can tana barci har da minshari.

Inda bishiyar take sai ya zama giɓi a katanga, da kututture a tsakiya. Washegari da hantsi Safiyo ya fito da kujeru biyu ya ajiye inda suka saba, a filin Allah, ba inuwa ko ta tafin hannu. Ya ɗaga kai, abin da bai daɗe da koya ba, bai ga komai ba sai sama, abin ya yi masa zafi ya mayar da kai ƙasa. Can sai ga rediyo ta ɓullo ta giɓin, sai ƙafar Direba ta tsallako kututturen, sai shi kansa yana nishi. Matar Safiyo ta kawo shayi, ta rasa inda za ta ajiye tire, ta ɗora a kan kututturen.

"Wannan hanya ta fi zagaye sauƙi," in ji Direba, yana zama. "Faɗinta nawa ne, Injiniya?"

"Ban auna ba."

Ƙarya yake yi, tun da sassafe ya auna. Direba ma ya sani, ya kurɓi shayinsa ya ƙyale shi. Rana ta hau kansu sosai, gumi na bin wuyan rigunansu, ba wanda ya ce a tashi.